Tambayi Likita: Tausa Mai Zurfi, Ciwon Diddige da Koyon Sana'ar

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne, shekara 12 ina kan keke, bayana da kafaɗuna duk sun sandare. Na ga wata tausa a intanet mai suna Rolfing, wai tana warware "fasiya" ta miƙar da mutum. Mece ce fasiya, kuma gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Gobe ka tsaya wurin mahauci ka kalli yadda yake gyara cinyar rago. Farin tantanin nan mai sheƙi da ke manne da tsoka, wanda yake ɗagawa da bakin wuƙa ya yaye, shi ne fasiya. A jikinka ma haka yake, ya naɗe kowace tsoka, ya haɗa ta da maƙwabciyarta tun daga tafin ƙafa har ƙeya, kuma akwai jijiyoyin jin zafi a cikinsa.

Rolfing kuwa sunan wata Ba'amurkiya ya ɗauka, Ida Rolf, masaniyar sinadaran jiki wadda ta rasu a 1979. Tsarinta zama goma ne, ana bin jiki sashe-sashe da yatsu da dunƙulen hannu da gwiwar hannu, a danna a ja a hankali. Mutane da yawa suna jin sakayau bayan an yi musu, wannan ba na musunsa. Inda ban yarda ba shi ne batun sake fasalin jiki. Tantani mai kauri irin na gefen cinya ya fi ƙarfin hannun ɗan Adam ya miƙar da shi. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne tausar tana kwantar da jijiyoyi, tsoka ta saki. To in ka koma kan kujerar nan ka sunkuya awa takwas, ciwon zai dawo ya same ka inda ya bar ka. Ka gyara tsayin kujera yadda ba sai ka rusuna ba, ka miƙe ka ɗan zaga duk bayan minti 30. Tausa ta zama ƙari.

Tambaya: Likita, abinci nake sayarwa, a tsaye nake wuni. Da asuba in na sauke ƙafa ƙasa sai in ji kamar na taka ƙusa a diddige, in na yi tafiya kaɗan ya lafa.

Amsa: Sannu Hajiya. Wannan siffar ta ciwon tantanin tafin ƙafa ce, wanda ya taso daga diddige zuwa gindin yatsu. Cikin dare yana takurewa, takun farko ya fizge shi. Kafin ki sauko daga gado, ki kama yatsun ƙafar ki janyo su sama ki riƙe daƙiƙa 30, sau uku. Da yamma ki sa gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙasa ki murza ta da tafin ƙafa kamar minti 10. Silifas ɗin roba da ya suɗe ki ajiye shi, ki nemi takalmi mai taushin diddige. Yana ɗaukar watanni kafin ya rabu da mutum, kada ki karaya. In kina da ciwon suga ko ƙafar tana dindiris, sai an duba ki a asibiti.

Tambaya: Ƙafar mahaifina ɗaya ta kumbura daga ƙwauri, da zafi. Mu kira mai tausa?

Amsa: Don Allah kada kowa ya matsa wannan ƙafar. Yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, in aka murza ya ɓalle ya tafi huhu, ana rasa rai a haka. Ku kai Baba asibiti yau. Haka nan mai shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) da tsoho mai raunin ƙashi, ba a yi musu tausa mai ƙarfi. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi da rama, ko kasa riƙe fitsari, shi ma na asibiti ne, don tarin fuka yakan kama ƙashin baya.

Tambaya: Na gama sakandare, ina son in koyi wannan aiki. Ina zan dosa?

Amsa: Madalla ɗana. Sunan Rolfer, wato mai yin Rolfing, na waɗanda suka yi karatu ƙarƙashin cibiyar da Ida Rolf ta kafa a 1971 a Boulder, jihar Kolorado ta Amurka ne, kuma karatu ne na ɗaruruwan sa'o'i, da tsada. Shawarata ka fara da digirin fisiyo, wato gashin ƙashi. Ana yi a Jami'ar Bayero ta Kano, sannan ka yi shekarar sanin makamar aiki, ka karɓi lasisi daga hukumar MRTB mai kula da masu wannan sana'a a Najeriya. A nan za ka san kowace tsoka da jijiya, ka san ƙafar da ba a taɓawa irin ta Baban da muka ambata. Kwas ɗin tausar fasiya sai ya biyo baya. Ka dage da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, su za a nema a JAMB.