Tambayi Likita: Na karya kumallo, me ya sa yunwa ke dawowa da wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, gidana kuma yana Agege. Saboda cunkoson hanya ina fita tun kafin asuba, ba na komawa sai bayan isha'i, barcina bai fi awa huɗu zuwa biyar ba. Da safe nakan sha shayi mai kauri da burodi babba, amma kafin hantsi ya dubi ludayi cikina ya fara kuka. Ga teɓa tana fitowa. Maiɗakina ta ce haɗama ce kawai. Ko dai tsutsar ciki ce? Daga mai albasa, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da kasuwa. Ka ba uwargida haƙuri, ban yarda haɗama ba ce, kuma ban tsammani tsutsa ce ba, tunda ƙiba kake yi. Abin da na fi zargi shi ne barcinka, sai kuma irin kalacin da kake yi.

A ciki ake jin yunwa, amma ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukuncinta. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe, haifotalamas, wanda ke karɓar saƙonni daga sassan jiki. Idan tumbi ya zama wayam sai ya saki wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi ne mai cewa a kawo abinci. Yana hawa kafin lokacin da mutum ya saba ci, ya sauka bayan an ci. Shi ya sa a farkon azumi yawancinmu ke jin yunwa ta taso daidai lokacin abincin rana, can anjima ta lafa ba tare da an sa komai a baki ba.

Masu cewa ya isa kuma suna da yawa. Idan tumbi ya cika ya buɗe, wata doguwar jijiya tana kai labari sama. Idan abincin ya gangara ƙaramin hanji, shi ma ya saki nasa sinadaran, ciki har da GLP-1, wanda allurar ciwon sukari ta Ozempic da ake ta magana a kai take kwaikwayo. Wannan saƙo ba ya isa nan take, yakan ɗauki wajen minti 20. Wanda ya haɗiye kalacinsa a tsaye yana ciniki ya riga ya wuce ƙima kafin ƙwaƙwalwa ta sani. Kitsen jiki ma yana da nasa sinadarin, leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. Aikin leftin shi ne ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a rumbu. Sai dai in teɓa ta yi yawa, leftin yakan yawaita har ƙwaƙwalwa ta rage sauraronsa.

Yanzu ga inda ya shafe ka kai tsaye. A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago sun sa samari 12 barcin awa huɗu kacal dare biyu a jere, suka kwatanta da darare biyu da suka samu awa goma a kan gado. Girelin ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari, leftin ya ragu da kashi 18, samarin kuma suka fi sha'awar kayan zaƙi da na fulawa. Su dare biyu aka yi musu, kai kuwa haka rayuwarka take kullum. Wannan abu yana damuna ƙwarai game da mutanenmu na Legas, masu gadi a Apapa, direbobin tirela, 'yan kasuwar Mile 12. Hanya tana cinye musu barci, sannan a zo ana zarginsu da kwaɗayi.

Sai kalacin. Burodin Agege akwai daɗi, ba na musu, amma farar fulawa ce, ga shayi da sukari cokali uku ko huɗu. Irin wannan yana narkewa da sauri, sukarin jini ya hau, sinadarin insulin da jiki ke fitarwa ya sauko da shi, tumbi kuma ya koma wayam da wuri. Abin sha ma ba ya riƙe ciki kamar abin da aka tauna. Abincin da ke daɗewa yana sa hanji ya aika saƙon ƙoshi shi ne mai gina jiki da mai dusa: wake, ƙwai, ƙosai, alala, gyaɗa, kifi, ganye. Ba sai ka bar mai shayinka ba. Ka rage burodin zuwa rabi, a soya maka ƙwai biyu, sukari cokali ɗaya. Wata rana ka sayi waken nan na Yarabawa, ewa agoyin, ka ce a rage manja. Ka zauna ka ci a natse. In yunwar hantsi ta zo, ka fara da ruwa da ɗan gyaɗa, ka bar lemon kwalba.

Barci kuwa, na san ba ka da iko da hanyar Ikorodu. Amma ka ajiye waya da zarar ka ci tuwon dare, kuma in akwai yaro a rumfa, ka samu ƙailula ta rabin awa bayan azahar. Manya na bukatar aƙalla awa bakwai, duk abin da ka ƙara riba ce.

Abu ɗaya nake roƙonka kada ka ɗaga. Yawan yunwa yana cikin alamun ciwon sukari, musamman in ya haɗu da yawan ƙishirwa, tashi fitsari da dare, kasala ko ramewa ba dalili. Ko ba ka ga waɗannan ba, mai teɓa da ƙarancin barci ya kamata ya san matsayinsa. Ka je asibiti da safe kafin ka ci komai a gwada sukarin jininka, a auna hawan jini a lokaci guda. In ka samu sakamakon, ka sake rubuto mini mu duba tare.