Amsa kan jami'an farin kaya da 'yan jarida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace jami'an farin kaya su riƙa zama da 'yan jarida tunda aikinsu na sirri ne. A ganina ya dace ƙwarai.

Tun 1986 da gwamnatin Babangida ta rushe tsohuwar hukumar tsaron ƙasa ta NSO ta kafa hukumar farin kaya ta SSS, wadda yau muke ce wa DSS, da NIA mai leƙen asirin ƙasashen waje da DIA mai leƙen asirin soja, talaka bai san komai game da su ba sai tsoro. Ranar da aka ce an ɗauke wani da daddare, je ka wurin mai shayi a Tudun Wada ko Samaru ka saurara. Kowa da nasa labarin, wani ma ya ɗaga waya yana kunna saƙon murya da ba a san mai shi ba, jama'a na ta salati. Shirun hukuma ne ke ba ji-ta-ji-ta fili, kuma wallahi abin yana damuna, domin na ga yadda take raba maƙwabta.

Sai dai kada ɗan jarida ya koma ɗan amshin shata. Ba mu manta da Dokar Soja ta 4 ta 1984 ba, dokar takura wa 'yan jarida, wadda ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta keɓe sirrin tsaron ƙasa, wannan na yarda da shi. Ba wanda ya ce jami'an farin kaya su fallasa masu kai musu rahoto. Amma wa aka kama, ina ake tsare da shi, yaushe za a kai shi kotu, waɗannan kakakin hukumar ya fito ya faɗa, da Hausa, a gidan rediyo.