Tambaya da Amsa: Birij da Baƙon Abokin Wasa

Tambaya: Salam Malam, ina karatu a Ingila, na fara buga kartar birij a wani kulob, sai su haɗa ni da wanda ban taɓa gani ba, wajen tayi kuma mu kasa gane juna. Ya zan yi?

Amsar Malam: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a raba kati ka ɗau minti 2 ka tambaye shi wane tsari yake bi, nan ne matsalar take. A Ingila yawanci tsarin tayi mai suna Acol suke bi, inda buɗe tayi da 1NT (NT wato "no trump", babu irin katin da ke yanka sauran) ke nuna manyan katunan hannunka sun kai maki 12 zuwa 14, amma a tsarin Amurka 15 zuwa 17 ne, to ka ga in ba ku daidaita ba kai kana lissafi daban shi ma daban, tun tayin farko an ɓata hannun. Sai ku yarda kan Stayman, wato tayin 2♣ (katin kulob) bayan abokin wasanka ya buɗe da 1NT tambaya ce ko yana da katin hat (♥) ko sifed (♠) guda 4, da kuma Blackwood, wato tayin 4NT mai tambayar yawan katin as (A) da ke hannunsa. Wallahi waɗannan sun isa ranar farko. Don Allah kar ka jefo masa tayin da ba ku tattauna ba, zai ɗauka da gaske kake.