Kowa na yabon gem ɗin, ni kuma ya ƙi shiga raina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abokaina sun cika min kunne da gem ɗin Elden Ring, har na tara kuɗi na saya. Yau sati biyu ke nan, wani jarumi mai sulken zinare a kan doki yana kashe ni tun daga bakin ƙofa. Ban jin daɗinsa ko kaɗan, amma ina jin nauyin faɗa musu. In daure ne ko in ajiye? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na san jarumin nan sarai. Shi ne Tree Sentinel, wanda ke sintiri a filin Limgrave, kuma ba a sa shi a wurin don ka kayar da shi ranar farko ba. An ajiye shi ne don ka koyi kewayewa. Bi gefe ka wuce shi, ka nemi dokinka Torrent, ka nufi kudu zuwa Weeping Peninsula inda abokan gaba suka fi sauƙi, ka zuba abin da ka tara wajen ƙara yawan rai. Idan ka isa gaban Margit, wani babban abokin gaba mai tare hanya, kira ruhohin da gem ɗin ya ba ka su taya ka. Duk wanda ya ce maka yin hakan ragwanci ne, bar shi da ra'ayinsa. Kamfanin FromSoftware da ya ƙirƙiri gem ɗin, shi da kansa ya sa su a ciki.

Ka ba shi awa biyar ko shida a haka. Idan har yanzu kana ɗaukar hannun wasa kamar mai zuwa aikin dole, ajiye shi.

Gaskiya ne Elden Ring ya fito a Fabrairun 2022, ya sayar da kwafi sama da miliyan 12 cikin ƙasa da sati uku, aka kuma zaɓe shi gwarzon gem na shekarar. Duk wannan shaida ce cewa an yi aiki mai kyau. Amma abin da abokanka ke so a cikinsa, wato a kashe su sau talatin sannan su yi nasara zuciya na bugawa, shi ne ainihin abin da ke gundurarka. Abincin wani gubar wani. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne jin nauyin nan. Kai ka biya kuɗin, kai kake ƙona fetur a janareta ko ka jira a kawo wuta, lokacinka ne na hutu bayan lacca. Ka faɗa musu bai yi maka ba. Za ka yi mamakin yadda wani a cikinsu zai ce shi ma bai taɓa gamawa ba. In faifai ka saya, yi musaya da wani.

Tambaya: Malam, a majalisarmu ba a zancen komai sai GTA VI. Wasu sun fara tara kuɗi don su biya tun kafin ya fito. PS4 gare ni. In bi su? Daga wani mai shago a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da wannan: PS5 da Xbox Series kaɗai kamfanin Rockstar ya ambata lokacin da ya sanar da gem ɗin. Ba zai hau na'urarka ba, don haka lissafinka ya haɗa da kuɗin sabuwar na'ura.

Biya kafin fitowa kuwa, ban goyi baya ba, cinikin biri a sama ne. Ka tuna Cyberpunk 2077. Tun 2012 kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya sanar da shi, aka shekara takwas ana kambama shi, mutum miliyan 8 suka biya kafin su taɓa shi. Da ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, masu PS4 suka tarar da gem mai daskarewa, motoci da mutane na ɓacewa a titi. Cikin kwana goma Sony, kamfanin da ke yin PlayStation, ya cire shi daga shagonsa, bai mayar ba sai Yunin 2021. An gyara shi daga baya ya zama abin yabo, amma wanda ya yi haƙuri ya samu wanda ya fi kyau, kuma a farashi mai rahusa. Masu ƙwallo ma sun ga nasu a Satumbar 2021, lokacin da eFootball 2022 ya gaji PES da fuskokin 'yan wasa a murguɗe.

Ba ina cewa haka za ta faru da GTA VI ba. Tallarsa ta farko a Disambar 2023 ta samu kallo sama da miliyan 90 a rana ɗaya, ni ma na kalle ta fiye da sau ɗaya. Ɗokin jira tare da abokai daɗi ne na gaske, ku yi ta hirarku, ba ya cin ko kwabo. Sai dai gem na intanet ba ya ƙarewa kamar kaya a kanti, to gaggawar ta mece ce? A shagon PlayStation, da zarar ka fara saukewa, maido kuɗi ya zama da wuya. Steam, shagon gem na kwamfuta, shi ne ke ba da kwana 14, muddin ba ka yi awa biyu kana bugawa ba.

Riƙe kuɗinka. Idan ya fito, bari sati guda ya wuce, ka kalli masu buga shi kai tsaye a YouTube, ba tallar kamfani ba. Sannan ka je gidan gem mai PS5, ka biya na awa ɗaya, ka riƙe da hannunka.