Shin karamci ne ko talla, gudummawar manyan kantunan Ostareliya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gudummawar da manyan kantunan Ostareliya irin su Coles da Woolworths suka bayar lokacin gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 karamci ne ko talla. A ganina duka biyun ne, kuma wanda gidansa ya ƙone a jihar New South Wales ya amfana ko da kuwa talla suke nema. Gobarar ta kashe mutum 33 kai tsaye, ta cinye gidaje kusan 3,000.

Masu cewa don gudun haraji suke yi ba su duba lissafin ba. Harajin manyan kamfanoni a can kashi 30 cikin 100 ne, saboda haka kamfanin da ya ba da dala 100, dala 30 kawai za ta rage masa a haraji. Sauran 70 daga aljihunsa suka fita.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ake tarawa daga masu sayayya a wurin biya, sannan a haɗa su da na kamfani a sanarwa guda, sai ka ɗauka duk nasu ne. Wannan kuɗin talakawa ne, a faɗi haka.

Sannan ka duba cikin gidan kantunan. A Oktoba 2019, bayan gobarar ta riga ta fara, Woolworths ya amsa cewa ya tauye albashin ma'aikata kusan 5,700, kuɗin da aka ƙiyasta zai kai dala miliyan 300 ta Ostareliya. Ni da wannan nake fara auna karamcinsu.