Likita, na sha Flagyl har na gaji amma sanyin ya ki tafiya

Tambaya: A takardar gwajina an rubuta tirikomonas, mene ne shi?

Amsa: Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai wutsiyoyi, ba bakteriya ba ce, tana zama a farji da bututun fitsari, ta wajen saduwa ake daukar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta mutum miliyan 156 ne suka kamu da ita a 2020, ba ke kadai ba ce. Ki koma wa likitan da ya tura ki gwajin ya rubuta miki magani.

Tambaya: Da gaske a bandaki ake daukar ta?

Amsa: Da kyar, ba ta dadewa a wajen jiki. A daina dora wa bandaki laifi.

Tambaya: Likita na sha Flagyl sau uku, sai ya lafa sai kuma ruwan nan mai kumfa da wari da kaikayi su dawo. Kawata ta ce jikina ne ya saba da maganin, wai in nika kwayar in cusa, in rika wanke ciki da Dettol.

Amsa: Subhanallahi! Don Allah 'yar'uwa kar ki yi ko daya. Dettol kona fatar ciki yake yi ya kashe kwayoyin da ke kare ki, sai ciwo ya samu kofa, ita kuma tirikomonas tana labe a bututun fitsari inda wanki ba ya kaiwa, shi ya sa ma kwayar ta sha ce ba ta cusawa ba. Ni dai ban san wa ya fara yada wannan dabara ba amma ta jawo wa mata wahala ba kadan ba.

Kuma ba jikinki ne ya saba ba. In ma akwai sabo to ita halittar ce ta saba, kuma hakan na faruwa: metronidazol, wato Flagyl, ya fito wajen 1960, zuwa 1962 har an fara ba da rahoton wadda ba ta jin shi. Maganin a kwance yake shiga, wato bai fara aiki ba tukuna, sai halittar ta tayar da shi da kanta a cikin jikinta sannan ya kashe ta, to masu taurin kan sun rage wannan aikin ne. Hukumar yaki da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce a kashi 4 zuwa 10 cikin 100 na matan da ke dauke da ita ne ake samun haka. Kin ga ba su ne mafi yawa ba.

Don haka kafin mu ce maganin ya daina aiki, tambayata ita ce: maigida ya sha? Kusan mutum 7 cikin 10 masu dauke da ita ba sa jin komai, maza ma sun fi, sai ki warke ya sake ba ki, ki sha ki warke ya sake ba ki, haka za a yi ta yi. Dole ku sha tare, ku kuma dakata da kwanciya sai kowa ya gama kuma alamun sun dauke.

Na biyu, yaya kika sha? Tun 2021 shawarar CDC ga mata ita ce miligiram 500 sau biyu a rana har kwana 7, don an ga ya fi shan giram 2 lokaci daya. Da yawanku da kaikayi ya lafa a kwana na uku sai a ajiye saura saboda dacin baki da tashin zuciya, wannan shan rabi-rabin shi ke ba masu taurin kai damar rayuwa. Na uku, an ma gwada kuwa? Wasu cututtukan ma suna kawo ruwa da kaikayi, maganinsu daban.

In duk an cika wadannan kuma ta dawo, akwai wani magani mai suna tinidazol, ko a kara yawan maganin da kwanakinsa, amma likita ne zai yanke ba mai kemis ba. Magungunanta duk 'yan gida daya ne kuma ba su da yawa, in muka lalata su da shan barkatai babu wani na kirki a ajiye. Ki je asibiti, ki tafi da kwalin abin da kika sha, bayan wata 3 ki sake gwaji ko da kin ji garau.

Tambaya: Amoksisilin zai yi?

Amsa: Ba ya taba ta ko kadan. Asarar kudi da bata ciki.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar kuma an ce ina da ita, in bari sai na haihu?

Amsa: A'a, ana danganta ta da haihuwa kafin lokaci da jariri mara nauyi. Ana ba masu ciki metronidazol, amma a wajen awo za a rubuta miki, kar ki saya da kanki.

Tambaya: Ni namiji ne ba na jin komai, matata ce ke da ita, sai na sha?

Amsa: Kwarai malam, sai ka sha. Cutar tana kara hadarin daukar HIV, in ka je asibiti ka ce a hada maka da wannan gwajin.