Na Sabunta Shagona na Intanet, Kwastomomi Sun Rabu Biyu: Wa Zan Saurara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa, leshi da shadda a kasuwar Wuse, ina kuma da shago a intanet. Kwanan nan na biya wani matashi ya sake mini tsarin shafukan da ake nuna kaya: manyan hotuna, rubutu kaɗan, komai tsaf. Tun daga lokacin ƙorafi bai tsaya ba. Wasu na yabawa, wasu na cewa in dawo da tsohon, wata ma ta ce shafin ba ya buɗewa a wayarta. In koma tsohon ne, ko in yi haƙuri su saba?
Daga wata 'yar kasuwa a Kubwa, Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya wa kasuwa albarka.

Kada ki yi gaggawar komawa tsohon, kada kuma ki naɗe hannu ki ce za su saba. Saƙonnin da ke shigo miki ba iri ɗaya ba ne, kuma aikin farko shi ne ki tace su. Mai cewa "ni dai na fi son tsohon" galibi sabo ne ke damunta. Kamar ki sauya wa kaya wuri ne a shagonki na Wuse: tsohuwar kwastoma za ta miƙa hannu inda ta saba ganin shadda, ta tarar da leshi, ta yi ɗan gunaguni, bayan mako biyu ta manta. Amma mai cewa "ban ga farashi ba" ko "ba ya buɗewa" ta zo ne da kuɗinta ta koma da su. Ƙorafi ɗaya irin wannan ya fi yabo goma nauyi.

Ki fara da baiwar Allahn da ta ce shafin ba ya buɗewa, don ita na fi damuwa da ita. Mai yi miki aikin wataƙila a kwamfuta ya gwada, da intanet mai ƙarfi. Kwastomominki kuwa da yawa Tecno, Itel ko Infinix ce a hannunsu, suna Nyanya ko Lugbe inda sabis ke hawa da sauka. Manyan hotuna na cin data, ga shi tun Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ba wadda za ta zauna tana kallon farin allo datarta na tafiya. Ki ce masa ya saka adireshin shafin a PageSpeed Insights na Google, wato shafin da ke auna saurin buɗewar shafuka, kyauta ne, ya duba sakamakon ɓangaren waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Idan ya wuce haka da nisa, a rage nauyin hotunan, a mayar da su WebP, wato nau'in hoto mara nauyi. Kyawunsu ba zai tafi ba.

Sai maganar "rubutu kaɗan", wadda ta sa na tsaya. Mai sayen zani tambayoyinta sanannu ne: nawa ne, yadi nawa ne, Holan ce ko kwaikwayo, launin da ke hoto shi ne na zahiri, akwai shi yanzu ko ya ƙare, nawa ne kuɗin kawowa Gwarinpa ko aikawa Jos. Idan an share waɗannan don shafi ya yi kyan gani, an cuce ki. Kuɗin kawowa musamman kada a ɓoye shi sai an zo biya, nan ne mutane ke juyawa. Ki kuma duba ko maɓallin WhatsApp yana nan a fili, domin yawancin matanmu sai sun yi magana da mai kaya, sun ga ɗan bidiyon zanen a hasken rana, kafin su tura kuɗi.

Ga abin da na fi so ki yi da kanki. Ki nemi kwastomomi biyar da suka shigo shago, har da mai ɗan shekaru wadda waya ba ta dame ta ba. Ki roƙi kowacce ta buɗe shafin a wayarta, ki ce: "Yaya, nemo mini leshi ruwan toka, ki yi kamar za ki saya." Sannan ki yi shiru. Kada ki nuna mata inda za ta taɓa, ko da hannunki na ƙaiƙayi. Ki kalli inda yatsanta ya tsaya, inda ta matso da wayar kusa da ido, inda ta koma baya. Kada ki tambaye ta ko ya yi kyau, kunya za ta sa ta ce ya yi. Masanin sauƙin amfani da shafukan intanet Jakob Nielsen ya rubuta tun shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin shafi, kuma abin da na gani a aiki bai saɓa da hakan ba.

Ba ke kaɗai ba ce. A 2018 kamfanin Snapchat ya sake wa manhajarsa ta sada zumunta fasali, mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke, bayan 'yan watanni kamfanin ya gyara sassan da suka fi ɓata wa jama'a rai.

Bayan gyara, littafin cinikinki ne zai raba gardama. Ki kwatanta odar wata guda kafin sauyin da ta wata guda bayansa, amma kada ki haɗa watan Sallah ko lokacin bukukuwan aure da watan da kasuwa ta lafa. Abu ɗaya za ki riƙa gyarawa a lokaci guda, don ki san wanda ya yi aiki. Ita kuma wadda shafin ya ƙi buɗe mata, ki kira ta da kanki bayan an rage hotunan, ki roƙe ta ta sake gwadawa kuna kan waya.